Babi na Tara: Fayyace Ma'auni da Tushen Bayanai Kafin Gina Allon Alƙaluma

9.0 Gabatarwa

A ofishin shugaban makarantar firamare akan tarar da allo ko kwali a jikin bango, wanda aka rubuta yawan ɗalibai aji-aji, maza da mata, da kuma yawan malamai. Baƙo yakan dubi wannan allo ya fahimci halin da makarantar take ciki ba tare da ya buɗe rajista ko ɗaya ba. A wannan zamani ma'aikatu da kamfanoni sun mayar da irin wannan allo cikin kwamfuta, inda manhajoji irin su Excel da Power BI da Tableau suke tattara alƙaluma su fito da su cikin zane-zane da launuka. Wannan shi ake kira allon alƙaluma a cikin wannan babi.

Allo, na bango ne ko na kwamfuta, abin da aka zuba masa shi yake nunawa. Idan waɗanda suka kawo alƙaluman ba su haɗu a kan ma'anar abin da suka ƙirga ba, allon zai fito da kyau a ido, amma ya ɓatar da mai hukunci. Da irin waɗannan alƙaluma ake tura malamai, ake raba littattafai da kujeru, ake kuma zaɓen makarantar da za a ƙara wa ajujuwa. Saboda haka wannan babi ya yi bayanin aikin da ya kamata ya gabaci gina allo, wato rubuta ma'anar kowane ma'auni da kuma inda aka samo alƙalumansa. An kawo misalai daga ƙananan hukumomin Karaye da Rogo na yammacin Jihar Kano.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
a) bayyana ma'anar ma'auni da tushen bayanai da kundin ma'auni;
b) nuna yadda harshen damo yake ɓata alƙaluma;
c) kawo abubuwan da ake rubutawa game da kowane tushe;
d) rubuta ma'anar ma'auni ɗaya da ingantacciyar Hausa.

9.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Ma'auni, a wannan fage, shi ne duk wani abu da aka zaɓa a riƙa ƙirgawa ko lissafawa domin sanin ci gaba ko koma-bayan wani aiki. A makaranta akwai yawan ɗalibai da zuwa makaranta da cin jarrabawa. A kasuwa akwai ciniki da riba da bashi.

Tushen bayanai shi ne takarda ko mutum ko na'urar da alƙaluma suka fito daga gare shi tun farko, kamar rajistar aji ko takardar albashi ko littafin ɗan kasuwa.

Kundin ma'auni kuwa shi ne rubutaccen bayani wanda ya tattara sunan kowane ma'auni da ma'anarsa da yadda ake lissafa shi da tushensa. Ana iya cewa ƙamus ne na wurin aiki. Bambancinsa da ƙamus na gama-gari, irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, shi ne ƙamus yakan kawo duk ma'anonin da kalma take da su, shi kuwa kundin ma'auni yakan zaɓi ma'ana ɗaya tak ya ɗaure kowa a kanta.

9.3 Harshen Damo a Cikin Alƙaluma

A ilimin ma'ana, idan kalma ko jumla ta ɗauki ma'ana fiye da ɗaya akan ce ta yi harshen damo. A hirar yau da kullum wannan ba ya cika kawo cikas, domin muhallin magana yana warware shi. A cikin jadawali kuwa babu muhallin magana, sai kalma ɗaya a bisa da lamba a ƙarƙashinta.

9.3.1 Misali daga Kasuwa

Karaye da Rogo ƙasashen noma ne, inda ake samun masara da dawa da rake da sauran amfanin gona. A ƙaddara wani ɗan kasuwa yana da yara biyu masu saya masa hatsi, ɗaya a kasuwannin Karaye, ɗaya a na Rogo, shi kuma yana kai kayan kasuwar Dawanau. Kowannensu yana aiko masa da farashin buhu. Kafin ya kwatanta farashin biyu, dole ya san kwano nawa ne a cikin buhun kowanne, da wane irin kwano aka auna, sannan an tara awon ne har ya yi tsini ko an shafe bakin kwanon. Mudu da tiya da kwano sunaye ne da kowa ya sani, amma girmansu yakan bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan.

Haka abin yake ga kalmar ciniki. Wani yaron yana nufin duk kayan da suka fita daga shago a ranar, har da waɗanda aka ɗauka bashi. Wani kuma yana nufin kuɗin da ya shigo hannu kawai, har da biyan tsohon bashi. Idan aka haɗa lambobin nan biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya, mai dukiya zai ga riba a allo alhali aljihunsa babu komai.

Ɗaure ma'auni ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Malaman fiƙihu sun daɗe da fayyace awon zakkar hatsi: sa'i ɗaya mudun Annabi huɗu ne, nisabi kuma sa'i 300 ne. Sun yi haka ne domin kada bambancin kwanon kasuwa ya taɓa haƙƙin kowa.

9.3.2 Misali daga Makaranta

Kalmar ɗalibi tana da sauƙi a baki, amma a takarda tana iya nufin abubuwa uku aƙalla: wanda sunansa yake cikin rajistar shiga makaranta, ko wanda sunansa yake cikin rajistar aji ta wannan zango, ko wanda aka tarar a aji ranar da aka zo ƙirga. Kalmar malami ma haka take: wanda yake cikin takardar albashi, ko wanda yake shiga aji yana koyarwa, ko wanda yake da shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Manufar Ilimi ta Ƙasa.

A ƙaddara wata makaranta a ƙasar Rogo tana da waɗannan alƙaluma:

Sunaye a rajistar shiga: 600
Sunaye a rajistar aji ta bana: 480
Waɗanda aka tarar ranar ziyara: 360
Malamai masu albashi: 8, cikinsu ɗaya yana hutun ƙaro ilimi, ɗaya kuma shugaban makaranta ne da ba ya riƙe aji
Malaman sa-kai: 4

Idan aka nemi sanin ɗalibai nawa ne suke kan malami ɗaya, ana iya samun amsa uku. Wanda ya raba 600 da malamai 6 masu albashi da suke shiga aji zai sami 100. Wanda ya raba 480 da 8 zai sami 60. Wanda ya raba 360 da 12, wato masu albashi da 'yan sa-kai gaba ɗaya, zai sami 30. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Ke nan amsa ta farko ta nuna makarantar tana cikin matsanancin ƙarancin malamai, ta uku kuwa ta nuna ba ta buƙatar ko ɗaya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin mutanen nan uku, babu kuma wanda ya yi kuskuren lissafi. Idan makarantun Karaye suka bi hanya ta farko, na Rogo suka bi ta uku, allon zai sa a tura malamai wuri ɗaya a bar ɗayan.

Wannan matsala tana faruwa har a matakin ƙasa. An daɗe ana ambaton miliyan 10.5 a matsayin yawan yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta, adadin da hukumar UNICEF ta danganta da 'yan shekara 5 zuwa 14. A 2022 hukumar UNESCO ta fitar da ƙiyasin kimanin miliyan 20, amma na 'yan shekara 6 zuwa 18 ne. Wanda ya jera lambobin biyu ya ce matsalar ta ninka, ya kwatanta abubuwan da ba ɗaya ba ne. Haka kuma, a lissafin hukuma, yaron da yake makarantar allo kawai ana sa shi cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta. A ƙasar Hausa, inda kalmar makaranta ta ƙunshi ta allo da Islamiyya da ta boko, wajibi ne mai tambaya ya faɗi wadda yake nufi.

9.4 Tushen Bayanai

Bayan an ɗaure ma'ana, sai a koma ga tushe. Akwai tambayoyi huɗu da ake yi wa kowane tushe.

9.4.1 Daga Ina, kuma Wane Bugu?

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta watan Maris na 2006. Sakamakon wucin gadi ya ba Jihar Kano mutum 9,383,682, sakamakon ƙarshe da aka buga a 2009 kuwa ya ba ta 9,401,288. Duka biyun ana kiran su alƙaluman ƙidayar 2006. A wannan ƙidaya Karaye tana da mutane sama da 140,000, Rogo kuma sama da 220,000. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka adadin mutanen Karaye ko Rogo da ake bayarwa na shekarun bayan 2006 hasashe ne da aka gina a kan waccan ƙidaya. Duk ma'aunin da ake rabawa da yawan yara 'yan shekara 6 zuwa 11, wato shekarun firamare, ya dogara ne a kan wannan hasashe, don haka ya kamata a rubuta wanda ya yi shi da ƙimar ƙaruwar da ya yi amfani da ita.

9.4.2 Ina ne Iyakar Wurin?

Sunan wuri yana iya zama yadda yake alhali iyakarsa ta sauya. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa Masarautar Karaye tare da na Bichi da Rano da Gaya, kuma a lokacin ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar da ta kafa su. A watan Yuli na wannan shekara wata sabuwar doka ta maido da Masarautar Karaye a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo. Idan aka zana yawan makarantun Masarautar Karaye daga 2020 zuwa 2025 ba tare da wannan bayani ba, mai kallo zai zaci an rufe yawancin makarantun ne. Bugu da ƙari, kalmar Karaye kanta tana iya nufin gari ko ƙaramar hukuma ko masarauta.

Rogo kuma tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Yaron da yake zaune a ƙauyen bakin iyaka yana iya yin karatu a wata jiha. Sai a fayyace ko ana ƙirga yara ne bisa inda suke kwana ko bisa inda suke karatu.

9.4.3 Yaushe Aka Ƙirga?

Zuwa makaranta a karkara yana hawa da sauka bisa lokutan shekara. Lokacin shuka da girbi da ranar kasuwa duk suna rage yara a aji. A garuruwan da suke kusa da madatsar ruwa ta Challawa, a ƙasar Karaye, noman rani da kamun kifi suna da nasu lokaci. 'Ya'yan makiyaya kuma suna tafiya da iyayensu. Ƙirgen da aka yi ranar kasuwa a tsakiyar kaka ba zai yi daidai da na watan Janairu ba. Wannan ne ya sa ake son ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ta gudana a lokaci ɗaya a ko'ina, a kuma rubuta ranar da aka yi ta.

9.4.4 Don Me Aka Ƙirga?

Dalilin ƙirga yakan karkatar da sakamako. A zamanin haraji da jangali, waɗanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a Jihar Kano bayan hawanta mulki a 1979, yawan mutane da na shanu shi ne ma'aunin abin da za a biya, don haka ɓoyewa ita ce riba. Idan kuwa rabo ne ya rataya a kan adadi, kamar shirin ciyar da ɗaliban aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, ƙari shi ne riba. Wannan ba zargi ba ne ga kowa, ɗabi'ar alƙaluma ce da ya kamata a sani. Maganinta shi ne a rubuta dalilin da ya sa aka tattara kowane adadi, sannan a gwada shi da wani tushe na daban.

9.5 Abubuwan da Kundin Ma'auni Yake Ƙunsa

Kowane ma'auni yana buƙatar shafinsa, mai ɗauke da waɗannan abubuwa: suna, manufa, ma'ana, abin da aka sa da abin da aka cire, hanyar lissafi, tushe, lokacin tattarawa, mai alhaki, rauni, da ranar gyara. Ga samfuri:

Suna: Zuwa makaranta na mako.
Manufa: Gano ajujuwan da yara suke yawan fashi domin a tuntuɓi iyaye.
Ma'ana: Kason ɗaliban da suka amsa suna da safe, daga cikin waɗanda suke rajistar aji ta wannan zango.
Abin da aka cire: Ranakun hutu, da ɗalibin da aka rubuta ya koma wata makaranta, tun daga ranar komawarsa.
Lissafi: A tara waɗanda suka amsa suna a duk ranakun karatu na mako, a raba da yawan 'yan aji sau yawan ranakun, a ninka sau 100.
Tushe: Rajistar aji.
Lokaci: Ranar ƙarshe ta karatu a kowane mako.
Mai alhaki: Malamin aji ya cika, shugaban makaranta ya duba ya sa hannu.
Rauni: Ba ya nuna waɗanda suka tafi bayan tara.
Ranar gyara: A rubuta duk lokacin da aka sauya ma'ana.

Bisa wannan samfuri, ajin da yake da yara 50, aka yi karatu kwana 5, jimillar amsa suna ta kama 200, to zuwansa kashi 80 cikin ɗari ne. Duk malamin da ya bi wannan bayani, a Karaye yake ko a Rogo, amsa ɗaya zai samu daga rajista ɗaya. Wannan shi ne gwajin kyakkyawar ma'ana.

9.6 Matakan Aiki Kafin Gina Allo

Mataki na farko shi ne a rubuta tambayar da ake son allon ya amsa, da wanda zai yi hukunci da amsar. Buƙatar shugaban makaranta daban take da ta Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, tasa kuma daban da ta Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wadda aka fi sani da SUBEB.

Na biyu, a zaɓi ma'aunai kaɗan waɗanda suke amsa tambayar. Ma'auni biyar da aka fayyace sun fi talatin da aka bari sakaka.

Na uku, a tara masu cika takardu da masu amfani da su, a daddale ma'ana ɗaya, a rubuta.

Na huɗu, a bi sawun kowane adadi daga rajistar aji zuwa ofishin shugaban makaranta, zuwa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, har zuwa jiha. A kowace gaɓa akan kwafe ko a tara, a nan ne kuma kuskure yake shiga. A daidaita rubutun sunayen makarantu, domin kwamfuta takan ɗauki suna mai ƙugiya da marar ƙugiya a matsayin makarantu biyu. Lambar shaida ta dindindin ga kowace makaranta tana magance wannan.

Na biyar, a bambanta sifiri da gurbin da ba a cika ba. Sifiri yana nufin an ƙirga ba a sami komai ba, gurbi kuwa yana nufin ba a ƙirga ba.

Na shida, a gwada lissafin da hannu a makaranta biyu ko uku. Sai an kammala waɗannan sannan a zo ga zane da launi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

9.7 Rawar da Malamin Hausa Zai Taka

Yawancin fom-fom na tattara bayanai da Ingilishi ake rubuta su, alhali bayanin da ake yi wa iyaye da kwamitocin makarantu a Karaye da Rogo da Hausa ake yin sa. A wajen fassara ne ma'ana takan zame. Alal misali, kalmar shiga tana iya nufin ɗaukar sababbin ɗalibai, ko kasancewa cikin rajista, ko halartar aji, waɗanda ma'aunai ne uku mabambanta. Malamin Hausa, da yake ya nazarci ilimin ma'ana da hanyoyin samar da keɓaɓɓun kalmomi, shi ya fi cancanta ya ware wa kowanne sunansa.

Wajen rubuta ma'ana, ya kamata a kiyaye waɗannan ƙa'idoji: kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kada a fassara kalma da kanta, a guji kalmomi marasa iyaka irin su sau da yawa ko 'yan kwanaki, a sa adadi a madadinsu, a kuma yi amfani da daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojin rubutunta. Daɗin daɗawa, malamin aji shi ne tushe na farko. Rajistar da ya cika da safe ita ce take zama lamba a allon ma'aikata, don haka cika ta a kan kari amana ce.

9.8 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa ingancin allon alƙaluma ya rataya ne a kan rubutun da aka yi kafin gina shi. An ga yadda kalmomi irin su buhu da ciniki da ɗalibi da malami suke yin harshen damo, da yadda makaranta ɗaya ta ba da amsa uku ga tambaya ɗaya. An kuma kawo tambayoyi huɗu da ake yi wa tushe, wato bugu da iyaka da lokaci da dalili, sannan aka ba da samfurin shafin kundin ma'auni da matakan aiki.

9.9 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin ƙamus na gama-gari da kundin ma'auni.
2. Ta yaya sauye-sauyen da Masarautar Karaye ta samu a 2019 da 2024 za su iya ɓatar da mai duba allon alƙaluma?
3. A misalin da aka kawo a 9.3.2, wace amsa ce ta fi dacewa a yi amfani da ita wajen tura malamai? Kawo hujja.
4. Me ya sa ake bambanta sifiri da gurbin da ba a cika ba?
5. A makarantar da ɗalibi ya yi koyon aikin koyarwa, ya zaɓi ma'auni ɗaya, ya rubuta masa cikakken shafi bisa samfurin da ke 9.5, sannan ya ba abokan karatunsa biyu su lissafa daga rajista ɗaya, ya kwatanta amsoshinsu.